Yadda Ake Kare Moton Lantarki Daga Obalodi, Shot da Yoyon Wuta

Tun da damina ta kankama, da wuya a yi kwana biyu wani bai tare ni da tambayar nan ba, ko a shago a Suame Magazin ko bayan La'asar a Aboabo, nan Kumasi ta ƙasar Gana: "Masta, na sa sabuwar bureka, me ya sa motona ya sake ƙonewa?" Masu nika-nika ne, masu zarton katako a Sokoban ne, masu famfon bohol ne, bakinsu ɗaya. Abu uku ke kashe moto, kowanne da mai gadinsa daban, bureka kuwa, makunnar nan da ke faɗuwa da kanta in wuta ta yi yawa, ɗaya kawai take tsarewa, wato shot.

Na farko obalodi: moto ya riƙa jan wuta fiye da ƙarfinsa, da kaɗan-kaɗan, na mintoci ko awanni, har naɗin tagullar da ke cikinsa ya dahu. Na biyu shot: wayoyi biyu masu wuta su haɗu kai tsaye, ɗaruruwan amfiya su wuce kafin ƙiftawar ido. Na uku yoyon wuta: rigar waya ta lalace, wuta ta bi jikin ƙarfen injin tana neman ƙasa. Wannan na ukun ya fi tsayuwa mini a rai, domin sau da yawa jikin mutum take bi ta kai ƙasar.

Misalinmu tun daga nan har ƙarshe moton nika-nika ne mai kilowat 7.5, wanda muke kira doki goma, mai layi uku, bolt 400, amfiya 15. Kayan aikin da za ka tanada: mita mai baki da ake maƙala wa waya, mitar hannu ta gwada bolt, Megger mai bolt 500, wato mitar gwada lafiyar rigar waya, sukurdireba mai rigar roba, da matsin kan waya.

1. Kashe wuta, ka gwada da hannunka

Sauke babbar makunna, ka sa kwado ko ka cire fis ɗin ka jefa a aljihu. Sannan ka gwada layi da layi, da kowane layi da ƙasa, da mitar da ka riga ka gwada a wurin da ka san akwai wuta.

Gargaɗi: kada ka dogara da cewa an ɗauke wuta a unguwa. Tana iya dawowa hannunka na ciki, ko maƙwabci ya tayar da janareta. Moto mai layi ɗaya kuma yana da kafasita da ke riƙe wuta bayan an kashe, sai an sauke ta kafin a taɓa.

2. Karanta farantin jikin moto

Duk lissafin da za a yi daga wannan ɗan farantin yake fitowa. Goge shi, ka ɗauki hotonsa da waya, ka rubuta kilowat, bolt, amfiya da gudun juyawa. Lambar amfiyar ita ce iyakar abin da moton zai ja yana cikin cikakken aiki ba tare da ya cutu ba.

Dubi bolt ɗin da kyau. Wutar ECG, kamfanin lantarki na Gana, bolt 230 ce tsakanin layi da nitiral, kimanin 400 tsakanin layi da layi. In farantin ya ce 230/400, haɗin sita za ka yi a akwatin kan moto, wato ƙarshen naɗin uku su haɗu wuri ɗaya. In ya ce 400/690, haɗin delta ne, wato ƙarshen kowane naɗi ya kama farkon na gaba. Wanda ya haɗa moton 230/400 a delta ya ɗora wa kowane naɗi bolt 400 alhali 230 aka yi shi domin ya ɗauka, kuma ba zai daɗe ba zai ji ƙauri.

Gargaɗi: tsofaffin motocin da ake kawowa daga Amurka wasu an yi su ne don wuta mai 60 Hz, tamu kuwa 50 ce. Wasu kuma farantin ya ɓace. Irin wannan kada ka yi kirdado da girman jiki. Kai shi wurin mai naɗi ya duba kaurin waya da haɗin, ya ba ka lambar da za ka yi aiki da ita.

3. Duba lafiyar moton kafin ka saya masa komai

Cire bel, ka juya sandar da hannu. In tana cijewa ko tana gurnani, boris ne, a canza shi tukuna. Cire gadojin da ke akwatin kan moto, ka auna naɗin uku, U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2. Ya kamata su zo kusan daidai da juna. Sannan ka sa Megger tsakanin kowane naɗi da jikin ƙarfe, da tsakanin naɗi da naɗi. Lafiyayyen moto yakan nuna gommai ko ɗaruruwan megohm. In ya gaza megohm 1, kada a ba shi wuta. Sau da yawa laima ce kawai ta shige shi, musamman moton da ya kwana biyu a ajiye da damina, kuma in aka busar da shi a hankali da ɗumin kwan fitila sai lambar ta haura.

Gargaɗi: in akwai inbata, wato na'urar sarrafa gudun moto, raba ta da moton kafin ka danna Megger. Bolt 500 ɗin zai lalata ta.

4. Waya da bureka, maganin shot

Moto yakan ja ninki shida zuwa takwas na amfiyarsa a daƙiƙun farko na tashi. Namu mai 15 zai ja tsakanin 90 da 120. Daga nan rikicin yake farawa. Mai shago ya sa bureka ta gida mai amfiya 16, ta riƙa faɗuwa duk lokacin da aka tayar, ransa ya ɓaci, ya je ya sayo mai 63. Ta daina faɗuwa, ya ce an gama. Alhali yanzu moton zai iya jan amfiya 30 tun safe har Azahar burekar ba ta ko motsa ba.

Harafin da ke gaban lambar bureka shi ke faɗa maka halinta. Mai B tana yankewa nan take a ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C a ninki 5 zuwa 10, mai D a ninki 10 zuwa 20. Moton da ake tayarwa kai tsaye mai D yake so. Ga namu, D25 mai ƙafa uku da waya mai murabba'in milimita 4 sun wadatar in nisan bai yi yawa ba. In daga mita zuwa injin akwai tafiya, ƙara kaurin waya zuwa 6, domin siririyar waya mai tsawo tana cinye bolt a hanya, tana kuma rage ƙarfin shot har bureka ta yi jinkirin ganinsa. Mai son fis ya nemi mai alamar aM, wanda aka yi don moto. Dubi kuma lambar da ke cikin ɗan akwati a fuskar bureka, 6000 ko 10000: yawan amfiyar da za ta iya yankewa ke nan ba ta fashe ba. Shagon da ke gindin taransifoma ya ɗauki mai 10000.

Ni dai in an bar ni da zaɓina, MPCB nake sawa, burekar da aka ƙera musamman don moto. Tana da maganin shot da na obalodi a jiki ɗaya, da ɗan maɓallin saiti. Mai zangon 13 zuwa 18 ita ce ta namu.

Gargaɗi: fis ɗin da aka ɗaure da zaren tagulla ba fis ba ne. Ka kuma toshe duk ramin da waya ta shiga akwati. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan sana'ar ƙadangaren gaske muke cirowa, a ƙone, kwance a kan layi biyu.

5. Kontakta da rilen obalodi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan aka fi yin sakaci.

Kontakta ita ce makunnar da ke kamawa da maganaɗisu. Ka saya da lambar AC-3, ba AC-1 ba, domin ta farkon ita ce ta moto. Mai amfiya 18 a AC-3 ta dace da kilowat 7.5. Amfaninta bai tsaya ga kunnawa ba: in aka ɗauke wuta sai ta saki, in wuta ta dawo injin ba zai tashi da kansa ba sai an danna. Duk wanda ya zauna a Kumasi a shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, ya san darajar wannan. Yaro na iya sa hannu yana share faifan niƙa a lokacin da wutar za ta dawo.

Rilen yana maƙale a ƙarƙashin kontakta. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa uku da ke lanƙwasa in sun ji zafi, wato yana kwaikwayon zafin da naɗin moto ke ji. Zaɓi wanda lambarka ta faɗo tsakiyar zangonsa, kamar mai 12 zuwa 18. Juya maɓallin zuwa 15 daidai, lambar farantin, ba ƙari. An ƙera shi ya jure ƙarin kashi 5 cikin 100, amma ya yanke cikin awa biyu in ƙarin ya kai kashi 20, kuma yawan ƙarin, saurin yankewar.

Rilen da kansa ba ya yanke babbar wuta. Ɗan bakinsa mai lamba 95 da 96 shi ke yanke wutar koyil ɗin kontakta, wato naɗin maganaɗisunta. Saboda haka haɗin zai tafi haka: daga ƙaramin fis zuwa 95, daga 96 zuwa jan maɓallin tsayawa, daga nan zuwa koren maɓallin tashi, daga nan zuwa A1 na koyil, A2 kuma ya koma nitiral in koyil ɗin na bolt 230 ne. Bakin 13 da 14 na kontakta ya rungumi koren maɓallin don ya riƙe bayan ka ɗaga yatsa. Na sha buɗe akwati in tarar da rile sabo fil, an saita shi daidai, amma 95 da 96 babu waya ko ɗaya a jikinsu. An biya kuɗin mai gadi, an kuma kulle shi a ɗaki.

Akwai aji a jikin rile. Aji 10 yana yankewa cikin daƙiƙa goma in moto ya cije yana jan kimanin ninki bakwai, kuma shi ya dace da famfo, kwamfuresa da yawancin injinan niƙa. Injin da ke da nauyin tashi, kamar babban zarto mai katon faifai, yana iya buƙatar aji 20.

Gargaɗi na farko: a akwatin sita-delta, wato mai tayar da moto a sita sannan ya mayar da shi delta, in rilen yana ƙarƙashin babbar kontakta, kan wayoyin da ke tafiya naɗi, ba ya ganin dukkan amfiyar layi. Ninka lambar farantin da 0.58. Namu zai zama 8.7, don haka rile mai zangon 7 zuwa 10 za ka saya. Wanda ya bar shi a 15 a wannan wurin, tamkar bai sa ba.

Gargaɗi na biyu: moto mai layi ɗaya in za a sa masa rile mai ƙafa uku, a zagaya da wayar ta bi ƙafafun uku a jere. In ƙafa ɗaya kawai ta bi, rilen zai ɗauka layi ya ɓace ya riƙa yankewa ba dalili.

Gargaɗi na uku: bar maɓallin mayarwa a kan H, wato sai da hannu. In yana kan A zai mayar da kansa in ya huce, matsalar na nan, ba wanda ya sani.

6. In layi ɗaya ya ɓace

Wannan shi ne ɓarawon da ya fi yi wa masu layi uku ɓarna. Fis ɗaya ya tsinke, ko waya ɗaya ta saki a sanda, fitilun shago na ci, moton na ci gaba da juyawa da layi biyu yana gunji, amfiyar sauran biyun ta haura zuwa ninki 1.7 ko fiye. In kuma a tsaye yake, ba zai tashi ba, sai gurnani yana zafi.

Ko layin bai ɓace ba, rashin daidaito ma yana cin moto. A ce ka auna ka sami 400, 405 da 380. Tsakaicinsu 395, mafi nisa ya kauce da 15, kusan kashi 4 cikin 100 ke nan. Kamar ba komai ba, amma zafin naɗi yana iya ƙaruwa da sama da kashi 25. Ƙa'idar masu naɗi kuwa ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan iyakar naɗi yana raba kwanansa biyu.

Maganin ɗan rile ne mai sa ido a kan layuka uku. Haɗa bakinsa a jere da 95 da 96. Saita shi ya yanke in bolt ya sauka ƙasa da 360 ko ya wuce 440, ka ba shi ɗan jinkiri kafin ya yarda a sake tashi, domin wutar da ta dawo yanzu-yanzu ba ta cika zama daidai ba.

Mai bohol ya ƙara da wannan: famfon da ruwa ya ƙare masa amfiyarsa sauka take yi, rilen obalodi ba zai ga komai ba, ga shi kuma ruwan ne ke sanyaya shi. A sa masa na'urar gane ƙarewar ruwa.

7. Wayar ƙasa da RCD

A shagon niƙa ƙasa a jiƙe take, mata na zuwa da jiƙaƙƙiyar masarar koko da kullun kenke, yara na shiga ba takalmi, kowa na dafa jikin injin. In naɗi ya taɓa ƙarfe a irin wannan wurin, amfiya 0.05 kacal ta isa ta rikita bugun zuciya.

Fara da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ta tashi daga sukurun da aka tanada a jikin moto, ta bi ƙafar injin da akwatin ƙarfe, ta kai sandar ƙasa. Kankare fenti da tsatsa a wurin ɗaurin. Kaurinta ya zama daidai da na wayar layi. Sandar mai rufin tagulla ce, a kafa ta inda ƙasa ke da danshi, a ɗaure da maƙalin tagulla, a bar wurin yadda za a iya buɗewa a duba. Gishirin da ake zubawa a ramin yana sauke lamba a ranar, amma yana cin sandar daga baya. Gara a ƙara sanda ta biyu, nesa da ta farko da aƙalla tsawonta, a haɗa su.

To ga lissafin da nake so kowane mai injin ya riƙe. A ce sandarka ta auna ohm 20, wanda ba laifi. Wuta ta taɓa jiki: 230 a raba da 20, amfiya 11.5 ke nan za ta bi ƙasa. Burekarka mai 25 ba za ta taɓa faɗuwa ba, jikin injin kuma yana ɗauke da wuta yana jiran mai taɓawa. Sanda ita kaɗai ba ta isa ba. RCD ce ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓi ta yanke cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. Inda mutane ke taɓa injin da jiƙaƙƙen hannu, mai 30 mA za a sa, wato mai yankewa a giɓin amfiya 0.03. Mai 300 mA maganin gobara ce, wurinta babban akwati, ba ta tsare ran mutum. Layi uku yana son mai ƙafa huɗu. Injin da ke da inbata mai layi uku kuma sai nau'in B.

Gargaɗi: nitiral ɗin koyil dole ya fito daga bayan RCD, kuma kada a haɗa nitiral da wayar ƙasa a bayanta. Waɗannan biyun su ke sa ta faɗuwa ba gaira ba dalili, har mai shago ya ce a cire masa ita. In haɗin daidai ne tana kuma faɗuwa, gaskiya take faɗa, koma mataki na 3. Danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci, ka kuma sa a sake auna sanda da hunturu, lokacin da ƙasa ta bushe.

8. Tayar, ka auna

Bi kowane sukuru ka ƙara matsawa, domin sakakken ɗauri yana zafi har ya ruɗi rile. Tayar ba bel, ka ga ko juyin daidai ne. In baya yake yi, musanya layi biyu. Danna maɓallin gwajin rile kana kallo, kontakta ta saki. Mayar da bel, a zuba masara yadda aka saba, ka maƙala mita a layukan uku ɗaya bayan ɗaya. Su zo kusa da juna, kuma kada su wuce 15. Rubuta su da kwanan wata a cikin murfin akwatin.

In ka ga 18 ko 19, ba laifin rile ba ne. Ko an matse faifai da yawa, ko faifan ya dakushe yana son wasawa, ko bel ya yi tsauri, ko an canza fuli don ƙarin gudu, ko moton ya yi wa aikin ƙanƙanta.

9. Ranar da ya yanke

Wani bawan Allah a unguwarmu, ana saura kwana uku Sallah, layin kwanoni har waje, rilensa ya yanke sau biyu. Ya sa yaronsa ya murɗa maɓallin har ƙarshe, da ya sake yankewa aka danne kontakta da tsinke. Kafin Magariba moton ya tafi, ya yi Sallah injin a rufe. Da muka buɗe, garin masara ne ya toshe murfin fanka, ga boris ɗaya ya bushe. Aikin rabin awa.

In ya yanke, duba wanda ya yanke. In rile ne, bari ya huce, ka bi kaya, bolt, boris da iska. In bureka ce ta faɗi da ƙara, kada ka mayar sai ka gano inda waya ta haɗu. In RCD ce, nemi ruwa ko rigar waya da ta goge. Moton da ya riga ya ƙone ma yana ba da labari, ka ce wa mai naɗi ya nuna maka kafin ya yanke tagullar: in naɗin duka ya yi baƙi bai ɗaya, obalodi ne, in biyu sun ƙone ɗaya na ƙyalli a haɗin sita, ko ɗaya ya ƙone biyu na ƙyalli a delta, layi ne ya ɓace, in wuri ɗaya ne ya fashe, shot ne ko yoyo.

Batun kuɗi, farashin kayan nan dala yake bi, don haka ka zaga shago uku a Adum ta Kumasi, ko Opera Square in kana Accra, kafin ka ciro sidi. Rilen obalodi ɗan kaso ne na kuɗin naɗi ɗaya, kuma a abin da na saba gani akwatin gaba ɗaya ba ya kai naɗi biyu, ban da kwanakin da injin zai yi ba ciniki. In kuɗin ba su isa lokaci ɗaya ba, fara da wayar ƙasa da RCD, sai kontakta da rile, sai mai sa ido kan layi. Jabu sun yi yawa, suna ɗauke da sunayen manyan kamfanoni: ɗaga ka ji nauyi, dubi tsabtar rubutu, ka karɓi rasit. Gara na ƙaramin kamfani na gaske da jabun babba.

Haɗin da ya shafi mita da babban akwati kuwa, dokar haɗa waya ta 2011, L.I. 2008, ta ce sai mai shaidar Hukumar Makamashi. Nemi ganin katinsa, ka kuma ce ya rubuta maka lambar da sandar ƙasa ta nuna da wadda Megger ya nuna kafin ka sallame shi.